Taswirar Mai Tawada

Me ke sa yanki guda, inda kaka da jika suka shekara arba'in suna dangwala wa jam'iyya ɗaya, ya juya mata baya kamar bai taɓa saninta ba? Masu ilimi sun ce masaƙu ne suka rufe, matasa suka tafi birni, tsofaffi suka mutu. Ban musa ba. Amma na yi wa Mai Tawada aikin gyaran rubutu shekara goma sha takwas, kuma amsar nan ba ta isata.

Ƙaramar maɗaba'a gare shi a bayan tasha, yana buga wa jam'iyyar Tulu fastoci. Tulu ba ta cin zaɓe sai a birni. Bakin kogi, yankin masaƙu da kan tudu duk na jam'iyyar Sirdi ne tun kafin a haife shi. Manyan Tulu kuwa sun faɗa a gabansa: wanda ya kawo musu yankunan nan uku, kwangila sai ya ture.

Wata rana da hantsi ya je wurin wani boka, taswirar ƙasar a naɗe a hammata. Ɗaki ne ba taga, a bayan wata tsohuwar majema. Warin jiƙaƙƙiyar fata, ƙahonni a rataye da jan zare, da wata baƙar tukunya da ke zufa ita kaɗai. Bokan ya shimfiɗa taswirar a ƙasa, ya danne gefunanta da muƙamuƙan akuya.

"Mutane ba sa canza jam'iyya, ɗan nan. Mantawa suke yi. Mantuwar zan ba ka."

"A bakin me?"

"Kai, ɗan kasuwa! Fitar da hannunka daga aljihu. Abin da suka manta sai an samo masa wurin zama. Yatsa nake so a kan kowane yanki, na wanda jininsa daga can yake. Kai ɗan tudu ne, ko? Miƙo babban yatsanka mu fara."

Mai Tawada ya ɓoye hannunsa cikin riga. "Nawa kam a'a. Akwai mutane a gida."

Bokan ya yi dariya har da tari. Ya ɗibar masa baƙin ruwan tukunyar a kwalba.

Mahaifiyarsa 'yar bakin kogi ce. Ya kai mata taswirar da kwalbar. "Inna, rajistar katin jam'iyya ce. Dangwala nan."

"Ni da aka goya da zanen Sirdi? Ja'iri. Don kai ne kawai." Ta dangwala.

A zaɓen farko rabin bakin kogi ya koma Tulu. A na biyu ko wakilin Sirdi ba a samu a rumfunan zaɓe ba. Maɗaba'a ta zama bene, aka ba shi kwangilar hanyoyi, direbobi suna jiransa a inuwa. Inna kuwa ta fara kiran sunayen masuntan da ba ta taɓa gani ba. Tana rera waƙoƙin Sirdi da muryar maza, tana faɗa kan wata gada da aka yi musu alkawari tun tana budurwa. Mutum dubu ne ke magana da baki ɗaya. Har ta cika, leɓenta bai tsaya ba.

Na farko ana iya cewa bai sani ba. Na biyun fa? Matarsa 'yar yankin masaƙu ce, ubanta masaƙi. Bayan arba'in ɗin Inna ya kawo mata taswirar.

"Baban Auta," ta ce bayan kwana uku, tana goga yatsanta da sabulu, "wace irin tawada ce wannan da ba ta fita?"

"Mai kyau ce," ya ce, ya fita.

Masaƙu suka juya a hankali, gunduma bayan gunduma. Ita kuma ta riƙa tsayawa a tsakar gida tana ihun ma'aikata masu yajin aiki, har muryarta ta dushe. A shekara ta biyar aka tsinci gawarta a tankin rini na wata rufaffiyar masaƙa.

Saura kan tudu, saura 'yarsa Auta. Wata safiya ta nuna masa babban yatsanta. Ya fara baƙi, ba ta kuwa taɓa komai ba.

Ya ruga wurin bokan. "Na ƙoshi. A bar tudu."

"Kai ka ƙoshi, taswira ba ta ƙoshi ba. Yanki uku ka kawo mini. 'Yarka ma jinin tudu ce. In ba a ba ta ba, za ta ɗauka da kanta."

Kai da ke hangen arzikin dare ɗaya, ka ji da kyau: boka ba ya cin baƙo. Daga cikin gidanka zai ci, kuma da hannunka za ka miƙa masa, wanda ya fi yarda da kai shi ne farko. Ba bene, ba mota, ba kujerar da za ta dawo maka da muryar uwarka.

Ranar jajibirin zaɓe ya kira ni ofis. Ya ce in kai Auta wurin ƙanwarsa, kada in bari ta zo ganinsa, komai ta ji ana faɗa. Sannan ya buɗe kwalbar, ya tsoma babban yatsansa, ya danna a kan tudu.