Tsohon da Tanimu Ya Yanke

Ku matso, ku kife wayoyin nan. Mai tsoro ya shige tsakiya.

Tanimu mai tace fim ne, wato mai yanka hotuna da haɗa su a kwamfuta. Turancinsa duka kalma biyu ne, kot da fed, amma in yana furta su sai ka ce a gidansu aka ƙirƙiro su.

Wata rana suna ɗaukar fim a gindin wata tsamiya a bayan gari, sai wani tsoho ya ɓullo ta bayan itacen. Ya ce nan gidansa ne, amma ya yafe musu, in dai za a nuna shi yana wucewa. Darakta ya yi dariya, ya sa aka ɗauka. Tsohon ya miƙa wa Tanimu farin goro. Tanimu ya karɓa ya tauna, ya ce, “Baba, za ka fito.”

Da aka zo tacewa, waƙa ta yi tsawo, wuri ya yi kaɗan. Ba wanda ya sa Tanimu. Ya dubi tsohon a allon kwamfuta, ya danna, ya cire shi. Ɗacin goron ya taso masa a maƙogwaro, ya kora da ruwa.

Ranar da ya gama, dab da magariba, aka yi sallama a ƙofar shago. Tsohon ne. Ya zauna a benci, ya ce ya ji ana ta faɗin wata kalma a gindin tsamiya, ita ya zo tambaya. Mene ne kot?

Tanimu ya lura da wani abu. Bakin tsohon kan fara motsi, ya rufe, sannan murya ta biyo baya. Daidaita baki da murya shi ne abincin Tanimu, ya san wannan ba na mutane ba ne.

Ya ce kot shi ne a tsinke hoto farat ɗaya a faɗa wani, ba sallama. Fed kuwa a bar hoton ya dusashe a hankali har ya yi duhu.

“To wanda aka tsinke, ina yake zuwa?”

“Yana nan, Baba. Ba a dai ganinsa.”

Bakin ya motsa. Tanimu ya jira.

“Na gane.”

Tanimu ya ɗaga kai, benci wayam.

Ya fita a ruɗe. Ya gai da mai shayi, mai shayi ya ci gaba da fifita wuta. A masallaci ya shiga sahu, na damansa da na hagunsa suka matso suka haɗa kafaɗa kamar ba kowa a tsakaninsu. A gida ya tarar da Inna, mahaifiyarsa, ta rufe masa tuwo tana leƙen zaure. Ya durƙusa a gabanta. Ta dubi ƙofa ta cikinsa kamar ba ya wurin, ta ce yaron nan bai saba kaiwa haka a waje ba.

Nan ya ji a jikinsa abin da ya yi wa tsohon, bayan ya ci goronsa.

Ya koma shago da gudu. An ɗauke wuta a duk layin, amma allon na kunne. Ya mayar da tsohon a tsakiyar waƙa. Ga shi yana wucewa, ba sawu a bayansa. Ya kai gindin tsamiya, ya waiwayo. Tanimu ya sa masa fed, ya dusashe a hankali, da mutuncinsa.

Waya ta yi ƙara. Inna ce. “Kai, ina ka shige? Tuwo ya huce.”

Darakta ya yi ta faɗa, wai tsoho ya ɓata masa rawa. Tanimu ya tura masa kujera, ya ce bismilla, in ya isa ya yanke shi da hannunsa. Har yau tsohon na cikin fim ɗin.

Ku dai kada wanda ya bi hanyar tsamiyar nan shi kaɗai. In kuma baƙo ya tambaye ku ma’anar kalma da magariba, ku fara duba bakinsa.