Rakiyar Barira a Kurmin Gana

Ku ajiye wayoyin nan. Ke Hansatu, matso kusa. Tunda an ce makarantarku za ta kai ku yawon buɗe ido, gara ki ji wannan kafin ki haɗa kaya. Ni ba na tatsuniya, kun sani. Da idona na gani. Wadda abin ya faɗa wa kuma kun san ta, kakarku Barira ce, ƙanwata, ga ta can kwance a ɗaki. Don haka ku rage murya.

Wata shekara ƙungiyarmu ta mata masu sayar da atamfa ta shirya tafiya Gana, wai mu ma mu ga duniya. Ni ban so ba. In bar shagona in tafi kallon itatuwa? Barira ce ta nace, ni kuma ba zan bar ta ta tafi ba ni ba, don na san halinta. Barira ko akuyar maƙwabta ce ta shigo gidanta sai ta ba ta ruwa ta raka ta ƙofa.

An kai mu bakin teku, mun gani. An kai mu kasuwanni, mun taya kaya mun raina. Ranar ƙarshe aka ce sai kurmi.

Jagoranmu wani dattijo ne, Malam Isaka, haifaffen zangon Kumasi. Hausarsa a karkace take, amma ana ganewa. A bakin kurmin ya tsayar da mu.

"Hajiyoyi, ku ji ni da kyau. An ja igiya gefen hanya, kar wadda ta tsallake ta. In kun gamu da wani a ciki wanda ba namu ba, ku gaishe shi ku wuce. Kar ku ƙara komai a kan gaisuwa."

Hajiya Kubura, shugabarmu, ta ce, "Malam, mu da muke keta Kantin Kwari ranar jajiberin salla, ganye ne zai ɓatar da mu?"

Aka kwashe da dariya. Shi bai yi ba.

Kurmin nan ba irin dajinmu ba ne da kake hango nesa. Rana tsaka, amma ciki kamar an kusa kiran magariba. Itatuwa sun haɗe ta sama. Ko'ina ɗiga yake. Laka ja tana kama takalmi, zufa tana bin baya, ƙwari da tsuntsaye sun cika kunne.

Bayan azahar muka iso wata rumfar hutawa. Can sama akwai gadar igiya da aka ɗaura daga itace zuwa itace, wai hawanta shi ne daɗin zuwan. Na ce gwiwata ba ta hawa igiya, ni ba biri ba ce. Sauran suka bi Malam Isaka suna ihu. Barira ta zauna tare da ni, ta kwance dambun naman da muka taho da shi daga gida.

Ban ga zuwan matar ba. Na ɗago kawai na gan ta zaune a ƙarshen bencin.

Tsohuwa ce. Baƙin zanen saƙi ne a jikinta, irin wanda rabona da gani tun kakarmu. Ƙwarya a cinyarta, rufe da faifai.

"Sannunku da hutawa."

Hausa tsantsa. Ba ta zango ba. Irin ta tsofaffin garinmu.

Na amsa, na kawar da kai. Barira kuwa ta tura mata dambun.

"Bismillah, Inna."

Na taka mata ƙafa. Ta ce da ni a hankali, "Haba Yaya. A ci a gabanta?"

Matar ta sa hannu. Ta kai baki. Ban ga ta tauna ba, ban ga maƙoshinta ya motsa ba. Ta sake ɗiba.

Sai na lura kurmin ya yi tsit. Ko ƙwaro ɗaya.

Na kalli ƙasa. Mu ƙafafunmu laka har idon sawu. Nata babu takalmi, kuma a bushe suke ƙayau, duk faso. Layin kwarkwasa da ke wucewa ta ƙarƙashin bencin ya rabu biyu, ya kewaye ta.

"Daga ina, Inna?" in ji Barira.

"Daga gida. Da ayarin goro muka zo. Sun ce in jira su."

"Tun yaushe?"

"Ba su daɗe ba."

Ayarin goro. Ko ubanmu a bakin kakansa ya ji labarin fatake masu zuwa Gwanja da jakuna.

Matar ta miƙe, ta ɗora ƙwaryar a ka. "Bari in koma."

Barira ta miƙe ita ma, tana gyara mayafi. "Bari in taka miki."

Na riƙe mata hannu. "Zauna."

"Yaya, babba ce fa. Ta ci abincinmu. Nan da nan ne."

Ta zame hannunta.

To, kun san yadda rakiya take. Kai ne za ka taka wa baƙo, shi ne kuma zai ce maka koma haka nan, na gode. Mai kunya ba ya juyawa sai an sallame shi. Haka aka rene mu, Barira kuma ta fi ni ɗauka.

Suka wuce rumfar. Matar ba ta sallame ta ba. Suka kai igiya. Shiru. Na ga Barira ta ɗaga ƙafa ta tsallake.

Na ƙwala wa Malam Isaka kira. Muryata ta faɗi a gabana kamar na yi magana cikin tulu. Na tattare zane na bi su, da gwiwar tawa, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

A hankali suke tafiya, amma na kasa cim musu. Ina jin Barira tana rage sawu, tana cewa, "To, Inna..." irin yadda ake yi don a sallame ka.

"Ɗan ƙara kaɗan, 'yata."

Can gaba kuma, "To, Inna, a gaida..."

"Ɗan ƙara kaɗan."

Muka gangara wani rafi. Ruwan baƙi ne, yana tafiya amma ba ya ƙara. Daga tsallake na jiyo ƙararrawar jakuna, da ƙanshin hayaƙi da ɗanyen goro. Ban ga kowa ba. Matar ta shiga ruwan, ruwan bai motsa ba. Barira ta cire takalmi ɗaya, ta tsoma ƙafa.

Nan na cim mata. Na damƙi zanenta ta ƙugu.

"Ke tsohuwa! Ba a koya miki sallamar mutane ba? Rakiya ta ƙare. Kama gabanki."

Matar ta waiwayo. Da ta yi fushi da na fi samun sauƙi. Fuskarta a sake take, kamar ta mai jiran a gama magana.

"Ita ba ta ce ta gaji ba."

"Ni na ce. Ni ce babbarta."

Barira tana hawaye tana ja gaba. "Yaya, kar ki yi mata rashin kunya, don Allah."

Na ɗauke ta da mari. Na finciko ta daga ruwan, na juya ta, na tura ta gaba. Ban sake waiwaye ba. Daga bayanmu na ji muryar, ƙasa-ƙasa, kamar a gefen kunnena.

"To. Ni dai ban sallame ta ba."

A bakin igiya muka tarar da Malam Isaka, ya sauko yana haki. Ya dubi ƙafafun Barira, ɗaya da takalmi, ɗaya jiƙe. Bai tambaye mu wa muka gani ba.

"Ta ce ku koma?"

"A'a."

Ya yi salati. Sannan ya ce, "Hajiya, in kun je gida, kar ki bar ta ita kaɗai da la'asar."

Muka dawo. An yi addu'a, an sha rubutu, babu malamin da ban kai ta wurinsa ba. Lafiyarta ƙalau, tana ci, tana sha, tana ciniki. Amma da la'asar ta yi sanyi sai ta miƙe, ta gyara mayafi, ta nufi ƙofa a hankali, kanta a ɗan karkace kamar tana sauraron wani a gefenta. Ranar da na yi sakaci, a cikin kududdufin bayan unguwa aka samo ta, ruwa har gwiwa. Ba ta san ta je ba.

Abin da ke juyo da ita ɗaya ne. A tare ta a ce, "Koma haka nan, Barira, rakiyar ta isa." Sai ta ce to, ta koma ɗaki. Shi ya sa kullum kuke ganina a zaure da yamma, kuna cewa tsohuwa tana gulmar masu wucewa. Shi ya sa ba na zuwa biki, ba na kwana a wani gari.

Saboda haka, Hansatu, in kin je, ki tsaya cikin 'yan'uwanki. Kar ki ware. A ƙasar da ba taki ba kar ki raka kowa, ko da muryar uwarki ta yi miki magana. A ce ba ki da kunya, ki dawo gida.

Kar ki ce za ki karɓe ni zaman zauren, an gwada. Ubanku ya faɗa mata, ta wuce shi kamar bango. Sai bakin wanda ya girme ta take ji. A dangin nan kuwa, wanda ya girmi Barira ni kaɗai na rage.