Ihun Nusaiba

"Matsa daga kusa da ita!"

Hajiya ce, mahaifiyar Zakariyya'u, ta daka min tsawa. Wallahi ko taɓa yarinyar ban yi ba! Amma Nusaiba ta shige ƙarƙashin tebur, ta cusa fuska cikin riga tana ihu kamar ana yanka ta.

Karo na uku ke nan.

Shekararta huɗu, 'yar Zakariyya'u ce, marainiya, yana ji da ita kamar ransa. Bakwaini aka haife ta, ta daɗe a asibiti da robar abinci a hanci. Har yau ba ta shiga cikin yara. Ni kuma saura sati uku a kawo lefena.

"Abin da yaro ya gani, babba ba ya gani," in ji Hajiya. "A binciko asalinta. Ban yarda da ita ba!"

Maita fa take nufi... ni Asabe!

Sadiya, 'yar ƙanwar Hajiya, ta sunkuyar da kai wai tausayina take ji.

Na dubi Zakariyya'u. Ya kawar da ido. Wannan ya fi zagin ciwo.

Bayan kwana biyu sai ga shi a shagon ɗinkina na Unguwar Sanusi, shi da Nusaiba sun dawo daga ganin likita. Fuskarsa kawai na kalla na san sallama ya zo yi.

"Asabe... ba zan iya zaɓar kowa a kanta ba."

"Wa ya ce ka zaɓa? Tafi abinka!"

Sai muka farga yau ba ihun Nusaiba.

Nusaiba na tsugune a gindin kekena, tana shafa ƙyallen karan-miski a kumatunta. Ƙafarta na taɓa tawa.

"Me ya canja?" ya tambaya a hankali.

Na dubi kaina. Tsohuwar atamfa, gumi, ba kwalliya, ba...

"Humra! Duk zuwana gidanku sai na yi wanka da ita. Sadiya ta ba ni, ta ce Hajiya ba ta ƙaunar mace marar ƙamshi."

Idonsa ya kaɗa.

"Ko turaren wuta ba a kunnawa a gidanmu. Ƙamshi mai ƙarfi shaƙe Nusaiba yake yi. Kuma Sadiya ce ke mata wanka kullum!"

Ashe macijin a cikin ɗaki yake.

"Ki yafe min, rabin raina..."

"Rabin ranka ka bari aka kira mayya?"

Sai da ya yi sati yana zarya kafin na sauko. Hajiya da kanta ta zo, kunya ta hana ta haɗa ido da ni. Sadiya kuwa aka tattara ta sai gidansu na Makera.

Ranar da aka kai ni, ba humra, ba turare, ba guɗa. Dangina suka yi ta gunaguni wai wannan wace irin amarya ce.

Ni dai na zauna abina. Nusaiba ta yi barci a cinyata, ina tsoron motsi.