Tukkun Isamu da Haƙorin Baba Tokomasa

"Ɗago kai ki dube shi mana! Hoto ne, ba cizon ki zai yi ba."

Gwaggo Harue ce ke magana, tana tura wani hoto a kan teburin cin abinci har ya kusa faɗawa kwanon miya. Tun daga Sendai ta hawo jirgin ƙasa saboda wannan hoton kawai. Chizuru, 'yar wanta, ta ci gaba da zuba wa mahaifinta shinkafa kamar ba da ita ake ba.

"Likitan haƙori ne," in ji Gwaggo. "Ga hankali, ga gashi cike da kai, baƙi wuluk! Ba irin saurayin nan naki ba, ƙato kamar firij, ga tsakiyar kai ta fara ƙyalli."

"Haba Gwaggo! Isamu fa ba sanƙo gare shi ba."

"Tukuna dai. Tambayi ubanki, ai shi ke taje masa."

Ni da katangar katako ce kawai ta raba gidana da nasu a unguwar Ryogoku, ko cokali ya faɗi sai na ji. Kada ku ce gulma nake yi, katangar ce ba ta da kauri. Baba Tokomasa, mahaifin Chizuru, shekara arba'in da tara ke nan yana gyaran gashin 'yan sumo, wato kokawar gargajiyar ƙasar nan, kuma a gidan kokawar da yake aiki ne Isamu ke zaune. Wata rana tsohon ya manta matajinsa a gida, Chizuru ta kai masa, Isamu ya fito karɓa, ya sunkuya gaisuwa ya buga goshi da ƙofa. Daga wannan dariyar aka fara, yau shekara huɗu.

Matsalar ɗaya ce, kowa a unguwar ya san ta. Ɗan sumon da bai shiga sahun manya ba, ba shi da albashi, ba shi da ɗakin kansa, ba a kuma yarda ya yi aure ba. Girki zai yi ta yi, yana cuɗa wa na gaba da shi baya a wurin wanka, da ɗan tukkunsa miƙaƙƙe a ka. Manya ne kaɗai ake buɗe wa bakin tukku ya baje kamar mafici. Isamu kuwa shekara goma sha ɗaya yana bakin ƙofar nan, in ya matso sai gwiwa ta mai da shi baya.

Baba Tokomasa ya ajiye tsinken cin abincinsa. Mutum ne da ba ya ɓarnar magana.

"Chizuru, kawunan yara sama da ɗari biyu sun bi ta hannuna. Tara kawai suka zama manya. Sauran na ga yadda suka koma garuruwansu, gwiwa ta lalace, ba sana'a. Watan Satumba zan cika sittin da biyar, in ajiye mataji. In har lokacin bai hau ba, ki je Sendai ki sha shayi da likitan nan."

"Baba, don girman..."

"Ba dole zan yi miki ba. Amma daga ranar, jiranki ba da yawuna ba ne."

Ta dubi mahaifiyarta, Mama Fumie ta sunkuyar da kai. Sai ta tashi da gudu ta shige ɗaki. Kukan da ta yi ranar, ni kaina sai da na kasa cin abinci don tausayi.

Bayan kwana biyu suka haɗu a bakin kogin Sumida da la'asar. Tun kafin ta hango shi ta ji ƙamshin man gashin 'yan sumo, sai ga shi a kan wani keke da ke kukan neman agaji.

"Sori, na makara. Ni ke da girki yau."

"Kazar dai?"

"Kazar dai."

"Wai ni Isamu, me kaza ta yi muku? Da gasa ta matso, ba naman sa, ba na kowace dabba, sai ita."

"Ƙafa biyu gare ta, tsaye take. Mai ƙafa huɗu kuwa kamar ɗan kokawar da ya dafa ƙasa ne, an kayar da shi ke nan."

"To kifi fa? Ai shi ko ƙafar babu."

"Ke dai ba ki gajiya da tambaya!"

Ta yi dariya, dariyar ta koma hawaye, ta kwashe duk abin da aka yi a gida ta gaya masa.

"Baba bai yi ƙarya ba," ya ce. "Kullum ina ganin abin da ke maƙalewa a matajinsa. Gasa uku suka rage, ga gwiwa, ga gashi na gudu. Chizuru, in kin gaji, ba zan riƙe ki a rai ba."

"Ka taɓa ji na ce na gaji? Kai ka yi kokawarka, ni in yi tawa."

"Oke. Amma akwai abin da ke ɗaure min kai. Tun wancan watan Baba ya canza min mataji, ya kawo wani mai laushi da ba ya taɓa kan kowa da shi. Na tambaye shi dalili, ya ce in rufe masa baki."

Gwaggo Harue ba ta zauna ba. A watan Yuli ta taso likitan da kansa ta kawo shi gaisuwa, da kwalin alewar shinkafa a hannu. Gaskiya mutumin kirki ne, ban ga laifinsa ba. Suna shan shayi ya lura Baba Tokomasa na tauna da gefe ɗaya, ya roƙi a bar shi ya duba.

"Ranka ya daɗe, da haƙori kake jan zaren ɗaurin gashi?"

"Da me ake ja? Hannu biyu na riƙe da gashi."

"To na gaban nan saura ƙiris. Ka ƙara ja da ƙarfi sau ɗaya, ya fita."

"Kin ji ko?" Gwaggo ta juya ga Chizuru. "Wannan tun bai zama suruki ba ya fara gyara ubanki. Wancan kuwa haƙoransa yake cinyewa!"

Daga ranar Baba ya riƙa barin abokin aikinsa yana ja masa zaren. Chizuru kuwa ta raka likitan bakin ƙofa, ta gaya masa gaskiya cikin ladabi cewa akwai wanda take jira.

Satumba ta zo. Isamu ya hauro har saman sahun ƙanana, ya yi karawa shida: ya ci uku, an kayar da shi uku. Saura ɗaya, in ya ci ta zai hau. Sai masu tsara gasa suka haɗa shi da wani daga cikin manya, wanda shi kuma in ya faɗi zai sauko. Al'ada kuwa ita ce, duk ƙaramin da zai kara da babba, ranar ana yi masa babban tukku, na yini ɗaya tak.

Abin da ya faru a ɗakin shiri, daga bakin Isamu na ji daga baya. Baba Tokomasa ya shimfiɗa kayansa ya ce, "Zauna." Ya jiƙa gashin, ya shafa mai, ya yi ta lallaɓa shi. Gashin bai da yawa, in ya buɗe nan sai can ya rufe. Aikin minti ashirin ya ci arba'in.

"Baba, in na faɗi yau, na yi alkawari ba zan ƙara kiran Chizuru ba."

"Kana motsa kai."

Abokin aikinsa ya matso zai kama zaren, tsohon ya ture masa hannu.

"Kai ja da tausayi kake yi. Gashin nan in ba a matse ba, karo ɗaya zai warware."

Ya sa farin zaren a baki, ya dafe, ya ja har wuyansa na rawa. Isamu ya ce ya ji wani ɗan ƙara, ƙas! Da ya so waiwayawa sai aka buge masa ƙeya. Tsohon ya juya baya, ya tofa wani abu a tawul, ya cusa a aljihu.

Mu kuwa muna can saman bene, ni da Chizuru da Mama Fumie da Gwaggo, wadda ta ce ta zo ne kawai ta ga ƙarshen shirme. Da Isamu ya fito ya watsa gishiri a fage kamar yadda al'adarsu take, Chizuru ta kama hannuna.

"Ku dubi kansa! Wayyo, ku dubi yadda ya yi kyau!"

"Ɗan mitsitsin mafici," in ji Gwaggo. "Ki dubi na ɗayan, kamar wutsiyar doki."

Suka durƙusa, suka dafa ƙasa, suka haɗu — gum! Aka kama ɗamara, aka yi ta turereniya. Ɗayan ya tura Isamu har bakin da'ira, tukkunsa mai yawan nan ya sassauta don karo, yana lilo. Isamu ya murɗa, shi ma ya murɗa, kowa ƙafa ɗaya a sama, kawunansu suka nufi ƙasa tare. Ba wanda ya yarda ya kai hannu ƙasa. Suka zube, Isamu da fuska.

Alƙalin wasa ya nuna ɓangaren ɗayan da maficin da ke hannunsa, wato shi ya ci.

Chizuru ba ta yi ihu ba, sulalewa kawai ta yi a kujera. Zuciyata ta karye, na rantse. Sai ga ɗaya daga cikin alƙalai biyar masu baƙaƙen kaya da ke zaune gefen fage ya ɗaga hannu. Duk suka hau, suka yi da'ira, ɗaya ya tsuguna yana nuna lallausan yashin da ake sharewa a bakin fage.

"Me suke nema a ƙasa?" in ji Gwaggo. "Wani abu ya faɗi ne?"

"Ki yi shiru, Gwaggo!"

Shugabansu ya ɗauki makirufo. Ya ce a sumo, ban da tafin ƙafa, duk abin da ya fara taɓa ƙasa a jikin mutum ya kayar da shi, har gashi. Sun duba yashin, sun duba bidiyo: tukkun ɗayan ya warware ya share yashi kafin fuskar Isamu ta sauka. Na Isamu kuwa yana nan daram a kansa. An juya hukunci.

Zauren ya kaure da tafi. Wa na ji ya fi kowa ihu? Gwaggo Harue, tana dukan kafaɗata tana cewa, "Ɗanmu ne! Ɗanmu ne!"

A bakin ƙofar baya muka tarar da Baba Tokomasa da akwatin kayansa. Chizuru ta ruga wurinsa.

"Baba, ka gani? Ka gani?"

"Na gani," ya ce, yana kare baki da hannu.

"Me ya sami bakinka? Cire hannun."

Ta janye hannun da kanta. Giɓi ne a gaba, sabo, da ɗan jini. Ta tsaya tana kallonsa, ta tuna maganar likita, ta tuna mataji mai laushi. Sai ta fashe da kuka ta rungume shi a gaban jama'a.

"Ashe kai ma jira kake yi?"

"Shekara goma sha ɗaya ina kiwon gashin nan," ya ce. "Tsoro nake ji miki, ba ƙin yaron nake ba. Sake ni, ana kallonmu."

Ranar Laraba aka buga waya gidan kokawa cewa Isamu ya shiga sahun manya. Da bazara aka yi biki, kuma likitan Sendai ne ya sa wa Baba sabon haƙori, ya kuma zo ɗaurin auren da kyautarsa.

To 'yan mata da samari, ku ji daga gare ni. Chizuru ba ta gudu daga gida ba, ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba, ba ta kuma yaudari kowa ba. Haƙuri ta yi, ta riƙe gaskiyarta, ta sami wanda take so. Kuma in iyaye sun tsananta, kada ku yi saurin cewa ƙiyayya ce, sau da yawa tsoro ne. Har yau haƙorin nan yana cikin wani ɗan akwati a gidan Isamu, kusa da guntun farin zaren, kuma duk baƙon da ya tambaya, Chizuru ce ke ba shi labari.