Tsutsa Mai Ƙaya a Akwatin Kifin Baba

A shekarar 1988 akwai wata yarinya 'yar aji huɗu a garin Takoma Park, can ƙasar waje. Babanta yana da babban akwatin gilashi a falo, cike da ruwan gishiri. A ciki akwai duwatsun teku, da murjani mai rai, wata halittar teku mai rassa kamar ƙaramar bishiya, da wani ɗan kifi ruwan lemo da take ji da shi.

Ranar wata Asabar tana zuba wa kifin abinci, sai ga wata tsutsa ta fito daga ramin dutse. Doguwa ce, jikinta duk farin gashi.

"Baba! Zo ka cire wannan abin, za ta cinye mini kifi!"

Baba ya leƙa. "Ƙyale ta. Ragowar abinci take ci, ita ke share mana ruwan. Kada ki taɓa ta, gashin nan ƙaya ne."

"Ni dai ban yarda ba. Mummuna ce."

"Na ce ki bar ta."

Ta turo baki. "Sai na cire ta."

Baba na fita wanke mota, ta jawo kujera ta hau. Ta naɗe hannun riga, ta tsoma hannu, ta ɗaga dutsen ta cafko tsutsar.

Nan take yatsunta suka ɗauki zafi kamar ta taɓa wuta. Ta saki dutsen, ya faɗa kan murjanin, reshe ɗaya ya karye. Tsutsar ta shige raminta.

Yarinyar ta ƙwalla ihu. Mama, wadda nas ce, ta fito da gudu. Ta manna salatif a yatsun, ta yi ta zare ƙayoyin.

"Da zafi, ko?"

"Babu zafi," in ji yarinyar, hawaye na zuba.

Baba ya shigo. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauko karyayyen reshen ya daɗe yana dubawa.

"Shekara biyu yana girma," ya ce.

Wannan maganar ta fi ƙayar zafi. Ta sunkuyar da kai. "Baba, ka yi haƙuri. Taurin kai na yi."

"Ya wuce. Zo mu dasa shi a wani dutsen, zai iya kamawa."

Kwana uku ta kasa riƙe fensir sosai a makaranta. Amma yatsun sun warke, reshen kuma ya kama.

Tun daga nan ta gane cewa munin abu ba ya hana shi amfani. In babba ya ce kada ta taɓa, takan fara tambayar dalili kafin ta miƙa hannu.