Kibiyar da Ta Juya Baya

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To ku gyara zama. A bakin wata gonar shinkafa a Zabarmari Kezia ta fara ganin Manasse, ƙafafunsa cikin ruwa, hasken hantsi na rawa a fuskarsa. Ita ɗalibar lissafi ce a jami'a, tana binciken yadda shan ƙwaya ke yaɗuwa tsakanin matasa. An ce mata akwai saurayin da ke bai wa waɗanda suka daina sha aiki a gonar kawunsa, shi ne ta zo da tambayoyinta.

Ta ɗauki tsinke ta zana masa akwati uku a ƙasa: waɗanda ba su taɓa sha ba, masu sha, da waɗanda suka daina. Ta haɗa su da kibiyoyi, don aboki ke jan aboki.

Ya ce, "Wannan da ta juya baya fa?"

"Ta waɗanda suka daina ce, suka sake komawa."

Ya daɗe yana kallon zanen. "Ni a akwati na uku nake, Malama. Gara ki ji daga bakina."

Ai kuwa tun a keke napep, kan hanyarta ta komawa unguwarsu Bulumkutu, ba ta ƙara ganin titi ba, sai koren shinkafa da murmushinsa. Kafin ta isa gida saƙonsa ya shigo wayarta:

"Malamata, na hana yaran taka zanenki. Yaushe za ki dawo ki ƙarasa mini darasi?"

Ta amsa: "Manomina, ɗalibi mai surutu ba ya cin jarrabawa. Asabar."

Asabar ta haifi wata Asabar, har magana ta kai kunnen mahaifinta, Malam Jona, tsohon malamin lissafi. Shi kuwa surukin da ransa ke so shi ne Elnathan, mai aikin ofis a unguwar GRA, mutumin da rigarsa ba ta taɓa sanin yamutsewa ba.

Malam Jona bai yi faɗa ba. Yatsa kawai ya ɗora a kan allon kwamfutarta, daidai kan kibiyar da ta juya baya. "Kezia, wa ya zana kibiyar nan?"

"Ni ce, Baba."

"Kin ce da yawansu suna komawa. To ni zan ƙaryata lissafin 'yata?"

Maganar ta shige ta. Ta daina amsa wayar Manasse. In ta rufe ido sai ta ga Manasse ya zama ɗan ɗigo, yana gangarawa kan kibiyar, ita tana miƙa hannu ba ta kai ba. Elnathan kuma ya riƙa zuwa da lemo a leda. Manasse ya ji labari, ya rubuto:

"Hasken idona, in kin zaɓi mai ofis, Ubangiji ya sa albarka. Amma ki faɗa mini da kanki."

Ta karanta, ta yi kuka, sannan ta koma kan aikinta da wata tambaya: me ke sa kibiyar ta yi kauri, wato masu komawa su yi yawa? Ta saka cikin lissafin abin da matasan suka gaya mata, ta kai wa mahaifinta.

"Baba, duba. Wanda ya daina, in aka rufe masa ƙofar aiki da ta aure, tsofaffin abokai kaɗai suka rage masa. Daga nan yake komawa, ya ja wasu."

Tsohon ya bi lissafin da fensir, layi bayan layi. Bai ga kuskure ba. Ya cire tabarau. "Daidai ne. Amma wannan maganar gari guda ce, ni kuwa mutum ɗaya zan ba 'yata. Sai na gan shi."

Ya tafi Zabarmari da ƙafarsa, Kezia na biye. Manasse ya fito daga ruwa ya durƙusa.

"Ɗana, za ka koma?"

"Baba, ba zan yi maka rantsuwar da ta fi ƙarfina ba. Yau ban sha ba, haka jiya, haka shekarun nan. Ran da abin ya motsa mini, ba na zama ni kaɗai. Akwai mutanen da nake kira, kawuna da fastonmu."

Iska ta bi ta kan shinkafar. Kezia har ta fidda rai. Sai Malam Jona ya miƙa hannu.

"Kawo wayar. Bari in ƙara lambata a cikinsu."

Bayan girbi aka ɗaura aure a cocinsu na Bulumkutu, aka ci shinkafar gonar, iyaye suka sa albarka har muryoyi suka dushe. Kezia ta gama karatunta, yanzu tana koyarwa. Manasse yana nan a gona da matasansa. Elnathan ya auri wata Serah, ma'aikaciyar jinya, suna zaune lafiya. Malam Jona kuwa jika yake goyo, kuma shi ya fi kowa kiran surukin nasa a waya.