Saƙar da Ba A Takawa

Wata Talata da hantsi Milagros Buenaflor ta sauka daga kan babur a bakin Tafkin Sebu, da baƙin tabarau da ƙatuwar malfa, wai don kada a gane ta. Kayya! Duk mai talabijin a ƙasar nan ya san wannan fuskar.

Shekara tara Mila, kamar yadda kowa ke kiranta, ta yi tana fim a Manila, rana ɗaya ta ce ta gaji da kukan ƙarya. Ta buɗe ɗan kamfani mai sayar da aikin hannun matan karkara, ribar kuma tana gina wa yara azuzuwa da ita. Neman masu saƙar tinalak, wato yadinmu na gargajiya, shi ya kawo ta wajenmu.

Wani saurayi na zaune cikin kwalekwale yana gyaran raga. Ronel ke nan, mai kiwon karfasa, ba shi da yawan magana, amma in ya yi sai an dara.

"Sannu da aiki. Za ka tsallakar da ni unguwar masu saƙa?"

Ya ɗago ya dube ta sau ɗaya, ya koma kan ragarsa.

"Shigo. Amma ki zauna da kyau, na ga mutuwa ba ta yi miki wuya."

"Ban gane ba."

"Sau uku kina mutuwa a talabijin. Sau uku tsohuwata na ƙin cin abinci."

Mila ta yi dariya har malfar ta faɗa ruwa, ya tsamo mata da filafili. Kafin su kai ɗaya gaɓar ta raɗa masa Sarkin Ruwa, shi kuma ya raɗa mata 'Yar Manila. Ni maƙwabciyarsu ce, ina shanya zare na hango yadda ya riƙe mata hannu ta sauka, na ce a raina, to, an gama.

Mahaifiyarsa, Ye Ronel, wato Maman Ronel a yarenmu, ita ce gwanar saƙa a duk unguwarmu. Mu kuwa ba a takarda muke samun adon tinalak ba, a mafarki ake nuna wa mace. In ta tashi sai ta ɗaure zaren abaka, wanda ake cirowa daga wata irin ayaba, ta rina baƙi da ja, ta yi wata uku ko huɗu tana saƙawa. Ye Ronel na ganin Mila ta shafa mata kumatu ta ce, "Ashe kina da rai, 'yar nan!" Ta cika mata kwano da shinkafa da gasasshen kifi.

Daga nan Mila ta mayar da tafkinmu wajen zuwa. Wai aiki ne ke kawo ta. Aikin da sai an zagaya da ita tafki a kwalekwale sau biyu kafin a fara shi. In ta koma birni kuwa waya ba ta hutawa.

"Sarkin Ruwa, ka ci abinci? Ko kifayenka kawai ka ciyar?"

"Sun ci, ni ban ci ba. Tun da kika tafi shinkafar garin nan ba ta da gishiri."

"Maƙaryaci. Saura kwana tara in zo. Ka gaishe mini da Ye."

Bayan wata shida, ranar da Ronel ya gaya wa mahaifiyarsa yana son aurenta, tsohuwar ta buɗe akwatin katako ta fito da wani tinalak da ko mu ba mu cika gani ba. Ta ɗora wa Mila a cinya.

"Wannan ba na sayarwa ba ne. A watan da baban Ronel ya rasu na yi mafarkin adonsa, sau ɗaya tak, ban sake gani ba. Naki ne yanzu. Abu biyu kawai, 'yata: kada almakashi ya taɓa shi, kada ƙafa ta taka shi."

Mila ta kama hannun tsohuwar ta ɗora a goshinta.

"Na ji, Ye."

Ta ji ɗin kuwa, da kunnenta, ina wajen.

A Manila kamfaninta na shirin babban bikin nuna kaya, har da masu saye daga ƙasashen waje. Ana saura kwana huɗu, yadin da za a yi takalman da za ta sa bai iso ba. Mai tsara kayan ya hango tinalak ɗin a kan kujerarta, idonsa ya yi ƙyalli.

"Madam, wannan fa? Taƙi biyu kawai daga gefe. Wallahi in baƙin nan suka gan shi a ƙafarki, matanki na tafki sun samu aikin shekara."

Mila ta ce a'a. Ta sake cewa a'a, amma a hankali. Sai ta fara yi wa kanta huɗuba: ai don su nake yi, ai mata arba'in za su amfana, ai tsohuwa ba ta kallon irin wannan tashar. Kowa ya san in zuciya na son abu ba ta rasa hujja. Mutumin ya tsaya yana juya almakashi, ita da kanta ta karɓa ta yanka.

Ranar bikin ta taka dandamali da takalman, ana tafi, ana ɗaukar hoto.

Akwai Jenalyn, yarinyar da ta taso tana koyon saƙa a hannun Ye Ronel, wadda duk unguwa ta ɗauka ita Ronel zai aura. Ita ta hau gidan Ye Ronel da bidiyon bikin a wayarta. Ba zan ce don Allah ta yi ba, amma ba ita ta riƙe almakashi ba.

Tsohuwar ta kalla sau biyu. Ta miƙa wa Jenalyn wayarta, ta kwance ɗamarar saƙa daga ƙugunta, ta naɗe kayan gaba ɗaya da aikin da ke kai, ta ce Ronel ya rataye su a rufin ɗaki.

"Mijina ta taka," in ji ta. "Kada ta sake hawo mini gida. Kai kuma ka cire ta a ranka."

Saƙon Ronel kalma uku ne: "Ye ta gani."

Mila ta karanta a cikin mota. Ta yi ta kira bai ɗauka ba. Ta rubuta:

"Masoyina, ka ɗauka ko zagina ne ka yi. Ba ni da bakin magana. Tun ranar da na yanka abinci ba ya wuce mini maƙogwaro. Na ci amanar matar da ta kira ni 'yarta."

Sai da aka yi sati biyu ya amsa.

"Ta daina saƙa, ta rame. Na ce mata telolinki ne suka yanka ba da saninki ba, suka miƙo miki cikin gaggawa kika sa ba ki duba ba. Ta fara saukowa. Ki zo ranar Asabar ki faɗi haka. Ai kin iya, 'Yar Manila, aikinki ne."

"Sarkin Ruwa, ni na yanka."

"Na sani. Amma ba zan iya rasa ki ba, ita ma ba zan iya rasa ta ba. Ki taimake ni."

Ranar Asabar gidan ya cika da mata, har daɓen gora na ƙara. Mila ta hawo babu kwalliya, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ronel na tsaye jikin ginshiƙi yana kallon yatsun ƙafarsa.

Ye Ronel ta dube ta, ta ce:

"Ɗana ya ce ba ki sani ba. In haka ne ba ki da laifi. Ki ce mini haka ne, ki taso ki zauna kusa da ni, yau ɗin nan a sa ranar aurenku."

Gyaɗa kai kawai ya rage mata. Hawaye ma sun riga sun zo, kuma wa ya kai ta iya zubar da su inda ya dace? Ronel ya ɗago yana roƙonta da ido. Ni kaina, Allah ya yafe mini, cewa nake a raina, ki ce e mana, 'yar nan, mu ci shinkafar biki.

Mila ta share fuskarta da bayan hannu.

"A'a, Ye. Na sani. Na tuna maganarki kalma da kalma, ina tunawa na yanka. Babu telan da ya taɓa shi, hannuna ne. Na ce wa kaina ba za ki gani ba."

Tsohuwar ta nuna mata tsani.

"Tashi ki sauka." Ta juya wajen ɗanta. "Kai kuma ni ka yi wa ƙarya saboda mace? Bi ta, ko ka tafi wajen kifayenka, ba na son ganinka."

A ƙasan tsani Ronel ya tare ta, ransa a ɓace.

"Kin rusa komai. Kalma ɗaya fa!"

"Na cuce ta sau ɗaya, Ronel. In sake cutarta a gaban mutane, sannan in shiga gidanta ina ce mata Ye?"

Ya juya, ya kwance kwalekwalensa ya tafi.

Kowa ya ɗauka motar yamma za ta bi ta koma birni. Sai ga ta a ƙofata tana tambaya ko ina da tabarmar aro. Daga ɗakina ta ɗauki kanta a bidiyo da waya ta saki, duk duniya ta gani, ta faɗi abin da ta yi ba kwana-kwana, ta ce daga yau kamfaninta ba zai sake yanka saƙar kowa ba sai mai saƙar ta yarda da bakinta. Wasu masu sayen suka janye.

Sannan ta ce in koya mata ƙullin zare. Shi ne aikin da kowa ke gudu: ka ɗauki silin abaka mai kama da gashi, ka ƙulla da wani, ka ƙulla da wani, tun safe har bayanka ya ƙage. Yatsun da aka saba yi wa farce a Manila suka tsattsage. Matan unguwa na wucewa suna tsokana.

"Jaruma, yau wane fim ake ɗauka?"

"Na mai laifi," in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

Kullum da safe sai ta kai curin zaren da ta ƙulla ta ajiye a matakalar Ye Ronel. Kullum da la'asar sai ta tarar da shi inda ta bar shi, wani lokacin kaji sun yi wasa da shi. Ta ɗauke, ta kakkaɓe, gobe ta kai wani. Sau da yawa ina jin ta tana kuka a bayan ɗaki, irin mummunan kukan nan da majina wanda ba a nunawa a talabijin.

A sati na uku saƙon Ronel ya shigo.

"Na ajiye miki kifi a wajen maƙwabciya. Har yanzu ina fushi. Ki shafa man kwakwa a yatsun."

"Na gode, Sarkin Ruwa. Ka yi fushinka, ina nan."

Wata biyu da kwana shida ana haka. Ran nan da safe ta je ajiye zare, sai murya ta fito daga sama.

"Wa ke wannan ƙullin kamar za a ɗaure akuya?"

Mila ta dubi sama da curi a hannu.

"Ni ce, Ye."

"Hawo in nuna miki, kafin ki ƙarar da abakar garin nan."

Ta hau. Tsohuwar ta kama yatsunta ta jujjuya, ta ga tsagar da ke jiki, ta yi tsaki.

"Kina tsammani ban san ƙaryar ɗan da na haifa ba? Da kin ce e ranar nan, da na cika alkawari na karɓe ki. Sai dai in zauna da ke gida ɗaya ina kallon fim har in mutu." Ta ja numfashi. "Wancan adon ya tafi, ba zai dawo ba, kada ki sa rai. Amma ba zan haɗa asara biyu ba. Kira mini wancan sakaran ya sauko mini da kayana."

Ronel ya zo a guje, ruwa na ɗiga daga wandonsa.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura auren a ƙaramin cocinmu, aka dawo gida ana kaɗa ganguna da farantan tagulla. Jenalyn ma ta zo, ta ɗan cije, daga baya ta fi kowa rawa. Dattawa suka zaunar da ango da amarya a tabarma ɗaya, kowa ya ba ɗan'uwansa lomar shinkafa a baki.

Da aka zo gaisuwar iyaye, Mila ta ɗora hannun tsohuwar a goshinta ta ƙi saki.

"Ye, don Allah, da gaske kin yafe mini?"

"Ni na gama nawa tuntuni. Ke kika rage ba ki yafe wa kanki ba, kuma wannan ba zan iya yi miki ba." Ta haɗa kanta da na Ronel ta dafa. "Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da ku biyun nan. Tashi, 'yata, abinci na hucewa."

Muka ce amin, har da masu kuka.